Kawu, Mai Karanta Hoton Sama

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, rabin tabarmin da muka aro daga masallaci ba a ma warware su ba. Ina zaune a tsakar gida cikin mata, muryoyin maza na shigowa ta kan katanga, kuma saboda ƙarancinsu ina iya gane kowace murya da mai ita. Mutum ne da ya haura shekara ashirin a wannan unguwa ta bayan Bwari, tun tana gonaki da 'yan bukkoki, amma zaman makokinsa bai kai taron suna cika ba.

Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya shaide shi da salla a kan lokaci da riƙon amana. Sai ya ƙara da cewa kowane ɗan Adam yana da abin da za a nema masa gafara a kai, shi nasa taurin kai ne. Shugaban unguwa ya zo a tsaye, ya shafa fatiha a tsaye, ya ce yana da mitin a cikin gari. Wata mata da ke kusa da ni, wadda ba ta san ni 'yar gida ce ba, ta raɗa wa ta gefenta cewa ai tsohon nan ne mai faɗa da jirgi. Suka ɗan yi dariya a cikin mayafi, sannan suka ce Allah ya jiƙansa.

Mutum ɗaya ne ya wuni tun safe har rana ta yi sanyi. Maƙwabcinmu ne, wani dattijon Gbagyi, Kirista, manomin doya. Ya zauna a gefe kan kututture, ya ɗora hularsa a gwiwa. Da na fita kai masa ruwa, ya karɓa bai sha ba, ya ce, "Malama, Baba Soja ya tafi. Yanzu da wa zan yi musu?"

Ɗan Kawu ɗaya tilo, wanda nake kira Yaya, bai samu jana'iza ba. Yana can wurin aiki nesa da Abuja, kafin ya samu izini ya kamo hanya har an dawo daga maƙabarta. Ya iso, ya zauna inda aka nuna masa, yana amsa gaisuwa da ka.

A ranar na ƙudurta zan rubuta wannan, domin na ga alamar in aka ɗan jima, abin da kawai za a tuna da Kawu shi ne faɗa da jirgi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Lokacin da na samu aikin koyarwa a Abuja, ɗaki na kama a Mpape, can saman dutse, inda ƙurar fasa dutse ke kwanciya a kan kwanon abinci. Da matarsa ta rasu, sai ga shi wata Asabar ya hau tudun nan da ƙafa, yana haki, ya leƙa ɗakin ya ce in tattara kayana, gidansa ya yi masa faɗi. Na nemi canjin makaranta, na koma wurinsa. Mu biyu muka zauna shekara bakwai. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum Malama, rabi girmamawa rabi tsokana.

A soja ya yi aiki har ya yi ritaya, amma bai taɓa harbin kowa ba. Aikinsa karanta hoto ne. A zamaninsu jirgi kan tashi da matuƙinsa ya ɗauko hoton ƙasa daga sama, a wanke, a kawo masa a kan tebur, shi kuma ya sa madubin ƙara girma ya faɗi abin da yake gani: wannan hanya ce, wannan rumbu ne, waɗannan mutane ne. Har ya tsufa madubin yana aljihun rigarsa. Da shi yake karanta jarida, da shi yake duba tsutsar da ta kama masararsa.

Ba ya yanke hukunci a kan abin da bai je ya gani ba. Wata rana aka ce masa awakin maƙwabcinmu ne suka yi masa ɓarna a gona. Ya sa takalmi ya tafi, ya tsuguna yana duba sawu har kusan azahar. Ya dawo ya ce shanu ne, kuma ta wajen rafi suka shigo. Yakan ce mini, "Daga nesa, Malama, kowa kama yake yi da abin da kike tsoro." Na ji wannan magana a bakinsa har na daina sauraro.

Shekarun da masu garkuwa da mutane suka matsa wa ƙauyukan gefen Bwari, rayuwa ta sake. Mutane suka daina zuwa gonakin da ke gindin duwatsu. Masu hali suka rufe gidajensu suka koma cikin gari. A lokacin ne muka fara ganin ƙananan jiragen nan marasa matuƙi, masu ƙara kamar taron ƙudan zuma, suna shawagi a kan unguwa. An ce na jami'an tsaro ne, suna sintiri.

Ranar da ɗaya ya fara tsayawa a saman gidanmu, ina shanya. Kawu ya fito daga ɗaki, ya tsaya a tsakiyar gida, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce da ƙarfi, kamar yana magana da baƙon da ya faɗo masa gida, "Ba ka yi sallama ba." Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Washegari ya fito da ragowar kwanon rufi da ya ajiye tun ginin gidan, ya ɗauki guduma ya nufi gidan wata bazawara da ke bayanmu, mai 'ya'ya mata huɗu. Banɗakinsu ba rufi, kamar yawancin na unguwar. Ya wuni a kan tsani yana buga ƙusa, ga ciwon gwiwa. Da matar ta zo godiya ya hana ta, ya ce shi dai bai san wane ne ke zaune a gaban allon da jirgin ke aika wa hoto yana kallo ba, ita ma ba ta sani ba. Wannan matar tana cikin waɗanda suka yi kuka na gaske ranar rasuwarsa.

Daga baya jami'ai suka kira taro a wani ajin makarantar firamare, don su yi wa jama'a bayani su kuma nemi goyon baya. Na raka shi saboda gwiwarsa. Wani jami'i mai ladabi ya nuna hotuna, ya ce ƙananan jiragen ido ne kawai, akwai kuma manya masu ɗauke da makami da za su riƙa kai farmaki a dazukan da ɓarayin ke ɓuya. Aji ya ɗauki tafi. Mutane sun gaji, kowa ya san wani da aka ɗauke.

Kawu ya ɗaga hannu, ya miƙe da sandarsa. Ya ce shi ma yana son a kama ɓarayin, amma a dajin nan akwai masu itace, akwai makiyaya, akwai waɗanda aka sace ɗin kansu. Ya ce ya yi aikin hoton sama shekaru masu yawa, kuma daga can fartanya a kafaɗa da bindiga a kafaɗa inuwa ɗaya suke yi.

"Ɗan sanda in ya mare ni, na ga fuskarsa, na san ofishinsa," in ji shi. "Wannan in ya yi kuskure, ƙofar wa za mu je mu buga?"

Kafin jami'in ya amsa, wani magidanci daga baya, wanda ƙanensa ke hannun ɓarayi a lokacin, ya ce, "Baba, an taɓa ɗaukar ɗanka?" Daga nan aji ya kaure da a zauna, a zauna. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ni ma na ɗaga nawa, rabi-rabi. Kawu ya gani. A hanyar gida bai riƙe kafaɗata ba wajen tsallake kwata, kamar yadda ya saba.

Ya fara sa ni rubuta wasiƙu. Yana faɗa ina bugawa a waya, muna aika wa jaridu da gidajen rediyo. Abin da yake nema bai wuce a daina ɗora makami a jirgin da ba mutum a cikinsa ba, kuma a hana leƙa gidajen jama'a ba tare da izinin alƙali ba. Ba na tuna wata da aka buga. Duk ranar da rediyo ya kawo labarin wani ƙauye mai nisa inda aka saki wuta a kan masu taro bisa kuskure, yakan kashe rediyon, ya ƙi cin abinci, ya tafi gona ko da ba aikin yi.

Abin da ya fi yi masa nauyi kuwa a cikin gidansa yake. Yaya ma aikin tsaro yake yi, kuma an tura shi kwas, ya dawo yana cikin masu sarrafa manyan jiragen nan daga ƙasa. Iyalinsa suna garin Uke. Wata Babbar Salla ya zo da matarsa da yara, da rago a bayan mota don layyar mahaifinsa. Ana zaune ana hira maganar ta taso.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce shi da hannunsa ya kwashe gawar abokan aikinsa da aka yi wa kwanton ɓauna a kan hanya, samari waɗanda wasu ko aure ba su yi ba, kuma da akwai jirgi a sama a ranar da yanzu suna raye. Ya ce na'urorin yanzu ba irin na dā ba ne, yana ganin launin rigar mutum.

Kawu ya ce, "Kana ganin rigarsa. Kana jin abin da yake faɗa?"

"Baba, yaƙi muke yi."

"Kana zaune a ɗaki mai sanyi, ka danna, ka tashi ka je ka ci abinci."

Na ga fuskar Yaya ta canza. Ya ce mahaifinsa bai san kwana nawa yake yi ba ya iya cin abincin ba. Sai Kawu ya ce a mayar da ragon cikin mota, ba zai yi layya da shi ba. Matar Yaya ta durƙusa tana ba shi haƙuri, ni ma na sa baki, ya ƙi. Suka tafi kafin a sauke tukunya. Ƙaramar jikarsa tana leƙowa ta tagar mota tana ɗaga masa hannu, shi kuma yana tsaye a ƙofa, hannuwansa a baya.

Ba zan ɓoye ba, a wannan Kawu bai kyauta ba, kuma na gaya masa. Ya ce ya ji. Amma bai kira ba, Yaya ma bai zo ba. Shekara biyu ta hannuna gaisuwarsu ke wucewa. Yaya ya kira ni ya tambayi gwiwar Baba, Kawu kuma ya jira na ajiye waya ya tambaye ni ko muryarsa ta nuna yana da lafiya.

A cikin waɗannan shekarun aka sace 'yar maƙwabcinmu, dattijon Gbagyi, tare da wasu mata a hanyar gona. Kwana tara ana nema. Aka ce ɗaya daga cikin jiragen nan ne ya gano inda aka ajiye su, jami'ai suka shiga da ƙafa suka fito da su. Unguwa ta cika da murna. Kawu na cikin na farko da suka je barka. Dattijon ya rungume shi yana cewa, "Yarinyana ya dawo, Baba Soja, ya dawo." Na ga hawaye a gemun Kawu.

A tsakar gidan nan wani ya ce masa to yanzu fa, me zai ce? Kawu ya ce ya gode wa Allah, ya gode wa wanda ya gano su, ya fi gode wa waɗanda suka taka da ƙafa suka je. Ya ce da an saki wuta daga sama a kan wurin, da yau makoki ake yi. Mutane suka ce tsohon nan ba ya jin magana. Daga ranar aka daina kiransa taron unguwa. Majalisar da yake zama bayan la'asar ta watse a hankali, kowa ya samu wani wurin zama. Dattijon nan kaɗai ya ci gaba da zuwa, su zauna a kan benci su yi ta musu, shi yana cewa jirgi ya ceci 'yarsa, Kawu yana cewa ido ne ya cece ta, ba wuta ba. Ba wanda ya taɓa shawo kan wani. In sun gaji su raba goro.

Wata ranar Lahadi da kaka, muna gona muna ɓare masara a ƙarƙashin mangwaro, ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba. Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

Ya ce yana matashi a aiki, aka kawo masa wani hoto da gaggawa. Layin mutane ne a kan wata 'yar hanya a daji, na gaba suna ɗauke da wani abu dogo a kafaɗa. Ogansa yana tsaye a kansa yana jira, an kwana biyu ana neman wasu 'yan bindiga a yankin. Ya sa madubi ya duba, ya sake dubawa. Zuciyarsa ba ta natsu ba, amma oga yana jira, kuma an san shi da ƙwarewa, bai so a ce ya kasa. Ya ce su ne, kuma babban makami ne suke ɗauke da shi. Ya sa hannu a takarda.

Aka tura jirgi. Matuƙin ya isa ya tarar mutanen sun taru a wani fili. Maimakon ya saki bam ɗin da ya ɗauko, sai ya sauko ƙasa-ƙasa, har yana iya ganin fuskoki. Makara ce. Gawa suka kai, suna tsaye a bakin kabari. Ya juya ya dawo da kayansa. An yi masa faɗa saboda ya saɓa umarni ya sa jirgi cikin haɗari. Da ya fito daga wurin oga, ya biyo ta ofishin Kawu, ya tsaya a ƙofa ya ce masa, "Akwai wani tsoho a cikinsu, ya ɗago ya kalle ni." Sai ya wuce.

Kawu ya ajiye masarar da ke hannunsa. "Ni na kashe su, Malama. A takarda na riga na kashe su. Wani ne ya sauko ya hana. Yanzu sun cire wannan mutumin daga cikin jirgin, sun bar irina."

Na ce ya gaya wa Yaya. Ya girgiza kai. Ya ce yaron ya tashi yana alfahari da shi, yana gaya wa abokansa idon babansa bai taɓa kuskure ba. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba muddin yana da rai. Na yi, kuma na riƙe, ko da yake sau da yawa na ɗauki waya na ajiye.

Da damina ta kama, wata safiya ya faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya tafi. Yaya ya samu hutun kwana biyu ya zo asibiti. Ya zauna a gefen gado yana ba shi labarin yara, da ruwan da aka yi a Uke. Kawu ya kama wuyan hannunsa da hannun da ke motsi, ya riƙe gam, bakinsa yana motsi ba abin da ke fita. Ya juyo da ido ya kalle ni. Har yau ban sani ba, izini yake ba ni ko tuna mini alkawari yake yi. Na riƙe alkawarin. Aka kira Yaya ya koma bakin aiki. Bayan kwana biyar Kawu ya cika, da asuba, ni kaɗai ce a wurin.

Ranar da aka yi addu'ar bakwai, da baƙi suka watse, muka rage ni da Yaya a gidan. Yana naɗe kayan mahaifinsa yana sawa a akwati, ina zaune a bakin ƙofa. Na ce ina da saƙo, ya zauna. Na ba shi labarin hoton, da makarar, da matuƙin, kamar yadda aka ba ni, ban rage ba.

 Ya tambaye ni yaushe Baba ya gaya mini. Na ce bara da kaka.

"Shekara biyu ina tsammani kallon mai kisa yake yi mini," ya ce. "Ashe kansa yake gani."

Na ce tsoro yake yi kada ya faɗi a idonsa.

"Da ya gaya mini. Ni ma ina da abin da zan gaya masa. Ba wanda zai gane sai shi."

Ban tambaye shi mene ne ba, shi ma bai faɗa ba. Ya tambayi sunan matuƙin, na ce Kawu bai ambata ba. Ya gyaɗa kai, ya ƙarasa naɗe rigunan. Bayan la'asar ya je maƙabarta shi kaɗai, ya jima, ya dawo gwiwoyin wandonsa da jar ƙasa. Ya ce hutunsa ya ƙare, jibi zai koma. Ban san abin da zai yi da labarin ba a ɗakin nan da yake zama a gaban allo, kuma ban ga ina da hurumin tambaya ba.

Na raka shi har mota. Ya tayar, ya sauke gilashi ya ce in riƙa kulle ƙofa da wuri. Na tsaya har ya sha kwana, sannan na koma ciki. Na ɗora tukunya, sai da na zuba shinkafa na lura ta mutum biyu na auna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda ya ɓoye, ya haskaka kabarinsa. Allah ya tsare Yaya daga ranar da zai yi kuskure ba mai saukowa ya duba.